Dawa ta ƙi a gindin ɗorawa, barkono ko a jikinsa: shin ganye ma kamar farantin sola yake?

Mai Sola na Kafur:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Sana'ata haɗa wa mutane sola, noma kuwa gado ne ya faɗo mini shekara biyu da suka wuce, da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. A yi mini uzuri idan tambayar ta 'yan koyo ce.

Gonar tana yamma da gari, da ɗorawa biyu manya a tsakiyarta da kaɗanya ɗaya a kan iyaka. Damina biyu ke nan ina ganin abu ɗaya. Dawar da ke fili, kaura ce, sai ka ɗaga kai kafin ka ga zangarniyarta. Da ka doshi gindin ɗorawar kuwa sai kara ya fara sirancewa, zangarniya ta koma kamar ta wasan yara, wasu ma ko kai ba sa fitarwa. Takin buhu ɗaya na zuba musu, rana ɗaya aka yi noma, rana ɗaya aka yi huɗa. Hasali ma ƙasar gindin bishiyar ta fi baƙi da laushi, don nan shanu ke kwana da rani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne barkonon da Inna ta sa yara suka dasa mata a wurin, da 'yar gwazar da ta binne: su ko a jikinsu. Barkonon ma ya fi na fili faɗin ganye.

Ƙanena ya ce mu kira masu injin yanka a kwantar da bishiyoyin, a sayar da icce, kowa ya huta. Inna ta ce ba dai tana raye ba, da kalwar ɗorawar nan take daddawarta tun kafin a haife mu. Ni ne a tsakiya.

Abu na biyu shi ne ma ya kawo ni. Cikin Agustan da ya wuce ina kan rufin wani gida a Malumfashi, mita a hannuna, gajimare na ta wucewa. Da ya rufe rana sai lambar da ke kan mitar ta faɗo daga takwas zuwa biyu, da ya gota kuma kafin ka ƙifta ido ta koma takwas. Faranti ba ya ɓata lokaci. Daga saman rufin nan ina hango gonaki, sai na tuna waken da na shuka a tsakanin dawa. Shi fa yini guda ba ya ganin rana sai tsilli-tsilli, idan iska ta kaɗa ganyen dawa haske ya sauko masa, ya sake ɓacewa. To shi ganye, da haske ya dawo nan take yake kama aiki kamar faranti? Kuma dawa da wake halinsu ɗaya ne a nan, ko kowa da nasa?

Malamin Kimiyya, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, tambayarka ba ta 'yan koyo ba ce, abin da nake fama da 'yan babbar sakandare su gane ke nan. Zan ɗauki ɓangaren dawa da barkono, na gajimare in bar wa waɗanda suka fi ni.

Kowane koren ganye yana shaƙar iskar kabon ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ya haɗa ta da ruwa, da ƙarfin hasken rana, ya yi sukari. Ma'aikacin da ke cafke iskar a cikin ganyen wani furotin ne da ake kira Rubisko. Yana da aibi guda: ba ya rarrabe kabon da oksijin da kyau. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kabon ɗin bai wuce kashi 0.04 ba. Duk sanda ya cafko oksijin sai tsiron ya kashe ƙarfi wajen gyara ɓarnar, har ya saki wani kabon da ya riga ya kama. Zafi na ƙaruwa, kuskuren na ƙaruwa.

Yawancin tsirran duniya a haka suke lallaɓawa. Su ake ce wa C3, saboda abin farko da ke fitowa idan an kama iskar yana da ƙwayar kabon uku. Melvin Calvin da abokan aikinsa suka bi diddigin wannan hanya a Berkeley ta Amurka, har aka ba shi lambar Nobel a 1961. Wake, gyaɗa, shinkafa, alkama, auduga, rogo, tumatir, barkonon Inna da gwazarta, har ita ɗorawar kanta, duk 'yan wannan gida ne.

Dawa, gero, masara, rake, acca, alayyahu, gamba, har ƙarangiyar da ke maƙale mana a wando, su dabararsu daban. A bakin ganye suna da wani ma'aikacin da ba ya ruɗewa da oksijin. Shi ke kama kabon, ya mai da shi wani ruwan tsami mai ƙwayar kabon huɗu, ya tura shi can ƙurya, cikin ƙwayoyin da suka yi wa jijiyar ganye zobe. A nan aka kulle Rubisko, a nan ake sakar masa kabon ninki-ninkin abin da ke waje, sai ya daina kuskure. Su ne C4. Hatch da Slack suka fayyace wannan a 1966 a Brisbane ta Ostareliya, kuma a jikin rake suka yi aikin.

Turawar nan ba kyauta ba ce. Inda barkono zai biya ƙarfi uku a kan kowace ƙwayar kabon, dawa biyar take biya. A fili, cikin rana mai zafi, cinikin riba ne ƙwarai: ganyen dawa yana ta ƙara aiki har hasken ya kusa kai na tsakar rana, na barkono kuwa kafin hasken ya kai rabin haka ya riga ya ƙoshi. To ka ga idan ɗorawa ta tare yawancin hasken, dawa ce aka taɓa wa jari. Barkono rarar da dama ba ya amfani da ita aka ɗauke masa.

Baba na Tasawa:

Jikana ke rubuta mini. Ɗana, kada ka sare icen uwarka. Bokon Malam ban san shi ba, amma abin da ya faɗa idona ya gani. Mu nan gawo muke bari a gona, don shi da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore. Hatsin da ke gindin gawo ya fi na ko'ina, ga taki ga rana. Ɗorawa kuwa da damina take cika ganye, inuwarta mai nauyi ce. Kuma ba inuwa kaɗai ba, saiwarta tana tafiya nesa a sama-sama, tana shan ruwan da dawarka za ta sha.

Maganar wake: iyayenmu da suke yin gicci sun san wake haƙuri yake yi a ƙarƙashin hatsi. Ba ya mutuwa, ba ya kuma wani abin kirki, yaɗo yake yi yana jira. Ranar da aka kwantar da hatsi, ka koma bayan kwana goma ka ga yadda ya buɗe. Ku da kuke da dawa, idan ta kusa nuna ku riƙa zage ganyen ƙasa, ga karmami na dabbobi, ga haske ya samu hanya. Amma wake irin namu na da, ko ka ba shi rana duka, ba ya fure sai lokacinsa ya yi.

'Yar Samaru:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam ya share mini hanya. Yaya Mai Sola, a kan wake nake karatun digiri na biyu, kuma tambayarka ta gajimare ita ce aikina na kullum, don haka a yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

A gajarce: a'a, ganye ba faranti ba ne. Kama hasken kansa nan take ne, kamar farantinka. Mai da shi sukari ne ke da jinkiri. Muna da na'urar da muke maƙala wa ganye, tana nuna yawan kabon da yake sha daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ranar da na fara rufe ganyen wake na ɗan lokaci sannan na sake masa haske, na ɗauka na'urar ce ta lalace. Lambar ta ɗan yi tsalle, sai ta koma hawa a hankali kamar tsohuwa a kan tudu. Na sha shayi na gama kafin ta koma inda take.

Abubuwa uku ke jawo wannan. Na farko shi Rubiskon da Malam ya ambata, barci yake yi idan inuwa ta rufe shi, kuma akwai wani furotin na daban da aikinsa kawai ya tashe shi, tashin kuwa sai an ɗauki mintuna. A wani aikin da aka buga a 2022, masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila suka auna wannan a jikin wake, suka ga yana yin barcin da sauri fiye da yadda ake zato, inuwar 'yan mintuna ta isa. Da suka lissafa yadda inuwa da haske ke ta musaya a cikin gona daga safe zuwa yamma, asarar ta kai kashi 21 cikin 100 na abin da ganyen zai iya haɗawa a yini. Lissafi ne na kwamfuta, ba awon buhu ba, amma ka ga girman abin.

Na biyu ƙofofin ganye. Idan haske ya ragu sai su fara tsukewa don kada ruwa ya fita a banza, idan ya dawo kuma buɗewar tana iya cin minti goma, wani lokaci rabin sa'a. A nan dangin ciyawa sun fi masu faɗin ganye sauri, saboda ƙirar bakin ƙofarsu daban ce. Amma wannan ba zancen C4 ba ne, shinkafa da alkama ma suna da shi.

Na uku shi ya fi ba ni sha'awa. Idan rana ta yi wa ganye yawa, yana da hanyar zubar da rarar hasken a matsayin zafi don kada ya ƙone. Kunna wannan kariya ba ya ɗaukar lokaci, kashe ta ce ke da nawa. Sai gajimare ya zo, haske ya yi ƙaranci, ganyen kuwa yana nan yana zubar da ɗan abin da ya rage, kamar wanda ya bar famfo a buɗe bayan ruwa ya fara yankewa. A wani aikin da aka buga a 2016, a Jami'ar Illinois ta Amurka aka gyara ƙwayoyin halittar taba don kariyar ta riƙa saurin sakin jiki, aka shuka a fili, tsiron ya ƙaru da kamar kashi 15 cikin 100.

Yanzu dawa da wake, wa ya fi? Nan fa masana sun daɗe suna ja-in-ja, kuma abin da ke ruɗa awon shi ne idan ka gwada masara da waken suya, ba hanyar haɗa abinci kaɗai ta bambanta su ba, dangi ne mabambanta ta ko'ina. Shi ya sa wasu a Jami'ar Cambridge suka nemo 'yan uwa na kusa, ɗaya C3 ɗaya C4, har gida uku, suka gwada su. Ɗaya daga cikin 'yan C4 ɗin kun san shi, gasaya ce, wadda ake kwaɗo da ita. Sakamakon ya fito a 2023, kuma baki biyu gare shi. Idan daga duhu aka fito da su, 'yan C4 sun fi nawar kama aiki, don layi biyu ne za su tayar, na bakin ganye da na ƙurya, kuma sai sun daidaita da juna. Kafin su daidaita wani kabon da aka tura ciki yana sulalewa ya dawo waje, kuɗin turawa ya tafi a banza. Amma idan aiki ya riga ya kankama, haske yana ta zuwa yana tafiya, to a ɗan tsakanin nan na ƙarancin haske 'yan C4 sun fi ci gaba da shan kabon. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne suna da tarin kayan aiki a kan hanya tsakanin layin biyu, da shi suke ɗan cin gajiya kafin haske ya dawo. Ɗan C3 kuwa da an ɗauke haske yakan ma yi ɗan amai na kabon, saura daga gyaran ɓarnar nan da Malam ya faɗa.

Don haka gajimaren da ya wuce a minti ɗaya ba shi ne damuwar dawarka ba. Inuwar ɗorawa ta yini guda, damina guda, ita ce.

Gyara ɗaya ga masu karatu, kada a tafi da cewa duk ɗan C3 mai son inuwa ne. Ka shuka auduga ko shinkafa a gindin ɗorawar nan ka ga ikon Allah. Gwaza dai asalinta ta wuri mai laima da inuwa ce, barkono ma yana jure inuwa mai sauƙi, ya faɗaɗa ganye kamar yadda ka gani. An gwada gero da gwaza a gindin ɗorawa a Burkina Faso, kuma abin da Inna ta gano da kanta shi aka samu: gero ya ja baya, gwaza ta ji daɗin wurin. Shi ma wake a inuwa mai yawa harawa zai ba ka, ba ƙwaya ba.

Baba, maganar waken da ba ya fure sai lokacinsa, wannan tsawon yini yake ƙirgawa. Waken kanannado da dawarmu ta gargajiya sai dare ya fara tsawo suke fure. Agogo ne na daban, ba ruwansa da ƙarfin haske.

Mai Sola na Kafur:

Kai, Allah ya saka da alheri, 'yar'uwa. Bari in faɗa da yaren aikina ki gaya mini ko na gane. Dawa kamar gidan da ke da famfon tura ruwa da tanki a sama ne. Da safe sai famfo ya yi ta aiki kafin ruwa ya iso banɗaki, amma idan wuta ta ɗan ɗauke, ruwa na nan yana zuwa na ɗan lokaci. Wake kuwa kai tsaye yake ja daga layi. Haka ne?

Wani abu kuma da na lura: ranar da sama ta yi fari-fari, ba rana ƙwal ba ba kuma hadari ba, faranti yana ba da wuta daidai gwargwado ko da ba ya fuskantar rana sosai, don hasken ta ko'ina yake zuwa. Wannan yana taimakon waken da ke ƙasa?

'Yar Samaru:

Ka gane, Yaya, sai dai tankin ƙarami ne ƙwarai, na daƙiƙoƙi ne zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba na awa ba. Na biyun ma haka ne. Hasken da siririn gajimare ya warwatsa ya fi ratsa gona ya kai ga ganyen ƙasa, kuma ba ya yin wannan kunna-kashe ɗin. Rana ƙwal tana ƙosar da ganyen sama fiye da ƙima, na ƙasa na cikin duhu. Ka duba wakenka na fili da azahar idan ƙasa ta fara bushewa, za ka ga ganyen ya juya ya ba rana gefe, gudun zafinta yake yi.

Idan ƙwayar wake kake so, akwai tsarin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta yaɗa: layi biyu na dawa ko masara, layi huɗu na wake, a maimaita. Layukan tsakiya suna samun haske mai ɗorewa maimakon tsilli-tsillin nan.

Ɗan Zango, Nsawam:

Salam daga Gana. Ni na yi shekaru ina aiki a gonakin abarba a nan. Wani jami'in gona ya taɓa ce mana abarba da dare take numfashi, muka yi ta dariya. A wane gida take cikin biyun nan?

'Yar Samaru:

Gida na uku, Malam, kuma gaskiya ya faɗa muku. Ana ce musu CAM: abarba, alobera, da yawancin masu kaurin ganye na wuraren fari. Da dare suke buɗe ƙofofinsu, lokacin da sanyi ya sauka ruwa ba ya gudu, su kama kabon su adana shi a matsayin ruwan tsami. Da rana sai su rufe ƙofa ruf, su riƙa warware tsamin suna ba Rubisko. Abin da dawa ta raba tsakanin ɗaki biyu, abarba ta raba shi tsakanin dare da rana. Tun 1815 aka buga labarin wani Bajamushe, Benjamin Heyne, da ya ɗanɗana irin wannan ganye a Indiya, ya ji shi da tsami da safe, da rana kuma salam.

Ta fuskar gajimare, ita buɗe ƙofa da rufewa ba ya cikin matsalarta da tsakar rana, tunda kabon ɗin yana ciki. Nata lissafin na kwana ne. Da sukarin da ta tara yau take kama iskar daren yau, don haka yinin da aka yi shi cikin hadari, daren da ke biye kamun kaɗan ne. Kuma ma'ajiyar tsamin tana da iyaka, shi ya sa ba ta da saurin girma. Kai ka fi ni sanin watanni nawa kuke jira.

Ɗan Zango, Nsawam:

Shekara da 'yan watanni kafin a yanka ta fari. Masara kuwa a gefenmu sau biyu ake girbe ta kafin nan.

Mai Sola na Kafur:

To abarba ce mai batir ke nan, sai dai ita iska take caji. Na karanta wa Inna duka jiya bayan isha'i, da muka zo wajen Burkina Faso ta ce ai ba sai an je wata ƙasa ba, da an tambaye ta. Mun tsaya a kan ba za a sare ba. Gindin bishiyoyin na bar mata, ta ce bana har da citta za ta gwada. Dawa zan janye ta zuwa inda inuwar azahar ta tsaya, sauran filin in gwada layi biyu da huɗun nan a rabi, rabi in bar shi yadda mahaifinmu ya saba yi, in ga bambanci da idona. Ƙanena dai har yanzu yana lissafin kuɗin icce.

Baba na Tasawa, idan an ce a rage rassa maimakon sarewa, yaushe ake yi, kuma waɗanne?

Baba na Tasawa:

Ka bari a gama kaɗe ɗorawa tukuna, kafin ruwa ya zauna. Na ƙasa za ka rage, masu shimfiɗa, kada ka taɓa kan. Bishiya ɗaya bana, ɗayar sai baɗi ko baɗin waccan, don wadda aka sassabe takan yi fushi ta rage 'ya'ya. In ka yi su duka lokaci guda, kai za ka riƙa sayo wa uwarka kalwa a kasuwa.